A Share Lambun Malam

Shafi na 14

Daga Kebbe har bakin iyakar Illela, babu ɗan da ya taɓa girmama mahaifinsa kamar yadda Alhaji Attahiru ya girmama marigayi Malam Zaharaddini. Wasu rago suke yankawa, wasu su tara malamai a yi sauka. Shi lambun tsirrai ya gina sukutum, irin na manyan ƙasashe, da ƙofar ƙarfe da allon marmara. Maganar nan tabbatacciya ce, domin shi da kansa ya faɗe ta sau huɗu tsakanin Kware da Gwadabawa.

"Inna, idan kika ga wurin nan sai kin yi hawaye," in ji shi.

Mahaifiyarsa, Inna Atika, ta gyara zama. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Kowa a gidan ya san haka. Amma aikinsa na darakta yana da yawa, ba komai mutum zai riƙe a kai ba.

Su uku ne a motar. Attahiru ne ke tuƙi, ya sallami direba domin duniya ta shaida da hannunsa yake tuƙa uwarsa. Inna tana baya da carbinta. Kusa da ita autarta Halimatussa'adiya, wadda ake kira Sadiya, malamar ilimin halittu a makarantar 'yan mata, mai irin bakin da ba a so a taron dangi.

Ƙonni za su, duba ƙanwar Inna da ke kwance. Sai dai ba don Ƙonni Inna ta yarda ta hau hanya da zafin bazara ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: a ratse Kalmalo, a kai ta ta taɓa magaryarta.

Masu cika min akwatin saƙo da "wai labarin nan babu soyayya ne", ga ta nan, ku karɓa, kada ku sake tambaya. Shekarar da aka kai Inna gidan Malam, su biyu suka dasa magarya a tsakiyar gonarsa ta bakin tafki. Shi ya haƙa, ita ta zuba ruwa. Daga nan duk garin da Malam ya je karatu sai ya dawo da iri a aljihu. Kurna, aduwa, kanya, ɗinya, tsamiya, gawo, kalgo, har suka kai talatin da bakwai. Da ya rasu, da ganyen magaryar nan aka yi masa wanka. A ranar Inna ta ce, a gaban 'ya'yanta duka, ita ma da shi za a wanke ta, ba da na kasuwa ba. Wasiyyarta ke nan. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

"Kin ji karatun nan, Inna?" Attahiru ya ce. "Daga wayar Sadiya yake fitowa. Motar ce ke kamo wayar da kanta, ba igiya ba komai."

"Madalla," in ji Inna. "Ita ma ta yi makaranta ke nan. Kai dai duba hanya."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, ita kuma tsohuwar tarbiyya gare ta. Shekara hamsin da shida "kai" take ce masa in yana kusa, "wancan" in ya yi nisa.

Sun shiga Illela da hantsi. Babura ta ko'ina, 'yan canji suna kaɗa naira da sefa a jikin gilashi. Daga cikinsu wani mai farar hula ya ɗaga hannu, ya hau babur ya shige gabansu. Mukhtari ke nan. Ɗan canji ne a bakin tasha, har ranar da Attahiru ya gano cewa wanda ya iya maida naira sefa zai iya maida gona lambun tsirrai, ya ba shi aikin.

Suka bi shi har Kalmalo.

Ƙofar tana nan kamar yadda aka faɗa, koriya shar. A samanta an rubuta LAMBUN TSIRRAI NA TUNAWA DA MALAM ZAHARADDINI. A ƙasa, da haruffan da suka ɗan fi girma, WANDA ƊANSA ALHAJI ATTAHIRU YA ASSASA.

Sadiya ta fito ta leƙa ciki. Ta daɗe tana leƙawa.

"Mun iso?" in ji Inna daga cikin mota.

"Mun iso, Inna."

"Ban ji inuwa ba."

Ta karkata kunne.

"Kuma ban ji kurciya ba. Wanga wuri kurciya ba ta shiru cikinai."

Wani tsoho ya fito daga rumfar bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a jikin motar. Baba Lauwali ne. Yana saurayi ya zo karatu wurin Malam, karatu ya ƙare shi bai tafi ba. Shekara arba'in da uku shi ke ban ruwa a gonar nan, shi ke korar awaki, shi ya goyi Attahiru a kafaɗa ya tsinko masa kanya.

"Sannu da hanya, Inna."

"Lauwali. Muryarka ta tsufa."

"Duka jikin na, Inna."

"Baba Lauwali," Sadiya ta ce, idonta na kan yayanta, "ka shiga da Inna rumfa ta sha ruwa ta huta. Ina son Yaya shi zagaya da ni tukuna. In ga abin alheri."

Suka shiga, Mukhtari na biye da su a baya.

Fili ne fetal. An shimfiɗa hanyoyi da bulo mai launi, an zuba farin tsakuwa a gefe. Ko'ina ƙananan alluna ne a tsaye, kowanne da sunan itace da Hausa, da na Latin a ƙasa. Bayan kowane allo akwai wani siririn tsiro mai ganye huɗu da rana ta riga ta yanke wa hukunci. Daga nesa wurin ya yi kama da maƙabartar Turawa.

"Yaya."

"Na'am. Kin ga tsari ko?"

"Ina itatuwan?"

"Ga alluna nan, ba ki gani ba?"

"Na ga alluna. Ni nar rubuta sunayen. Kai kac ce in rubuto ma itatuwan Baba da Latin ɗinsu don a san darajarsu. Kwana biyu ina buɗe littattafai. Itatuwan nike tambaya."

"An sabunta su."

"An mi?"

"Sabuntawa. Haka ake yi a ko'ina. Ki je Abuja ki gani."

Ta tsaya gaban wani allo. An rubuta Tsamiya. Ta duba tsiron da ke bayansa.

"Wanga dogonyaro na."

"Ƙarami ne, ba a gane su tun yanzu."

"Ni ke koyar da abin ga, Yaya. Wanga dogonyaro, wancan dogonyaro, na bayan Aduwa ma dogonyaro. Ka sare itace talatin da bakwai ka dasa dogonyaro talatin da bakwai, ka ba kowane sunan wanda yag gada."

"Talatin da biyu, Hajiya," Mukhtari ya gyara mata cikin ladabi. "Biyar filawa ne. Daga Ƙonni."

Ba ta ko dube shi ba. Tsakiya ta nufa, da sauri, gyalenta na jan tsakuwa.

A inda magarya take, an yi daɓen siminti mai faɗi. A kansa allon marmara, da tarihin Malam layi uku da na Attahiru layi tara. A gefen daɓen wata bishiyar dabino ce kore fatau, ita kaɗai ce ba ta damu da rana ba, domin ta roba ce. An naɗe ta da ƙananan fitilu. A gindinta allo: Magarya, Ziziphus mauritiana.

Sadiya ta sa hannu ta ƙwanƙwasa gangar dabinon. Ya amsa kamar jarka.

"Rage murya," in ji Attahiru, alhali ba ta ce komai ba tukuna.

"Ina take?"

"Sadiya."

"Magaryar Inna. Ina take?"

"Ki saurare ni. Ranar buɗe wurin nan manyan mutane za su zo. Mutum ya saka shadda tun daga Abuja, ki sa shi ya ratsa cikin ƙaya? Magarya kama riga take yi. Aduwa ma haka. Waɗannan itatuwan ƙauye ne, ko'ina akwai su."

"Ko'ina akwai wadda aka wanke ubanka da ita?"

Ya cire hula ya mayar.

"Ba abin da nake nufi ke nan ba."

"Kana wurin ran da Inna tay yi wasiyya. Kai ke riƙe da buta."

"Ai ni ban ce a sare ba." Muryarsa ta sauka, ta koma irin wadda yake amfani da ita in kwamiti ya zo bincike. "Ban taɓa cewa a sare ba. Cewa na yi a share. A share wurin kafin baƙi su zo. Tsintsiya nake nufi. Ni ina Sakkwato, ina ofis. Su kuma mutanen nan, ka ce masu shara da bazara, ba su san wata shara ba sai ta gona. Gatari suka ɗauko da ashana. Na zo na tarar an gama. Me zan yi? In zauna in yi kuka? Sai na gyara abin da ya saura."

Abin haushin shi ne, ƙaryar nan tana da ƙafafu. Duk wanda ya taɓa noma ya san in damina ta kusa, aka ce a share gona, to a sare duk abin da ya tsiro ne a tara a cinna wuta. Kalma ɗaya ce, a birni tsintsiya, a ƙauye gatari. Sadiya ta tsaya tana auna ta, kuma ta kusa ɗauka.

"To wa kab ba umarnin?"

"Ga shi nan," Attahiru ya nuna Mukhtari ba tare da ya juya ba. "Ka ba ɗan canji aikin ilimi, abin da za ka samu ke nan. Laifina ɗaya, yarda da jahili."

Mukhtari ya gyara zaman farar hularsa.

"Ranka shi daɗe, jahili kac ce?"

"Ba da kai nake ba."

"A'a, da ni kake, tunda ni kaɗai na ɗan canji nan wurin."

Daidai nan wayar Attahiru ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta sake, ya matsa can bayan allon Gawo yana "ranka ya daɗe, ranka ya daɗe" yana rusunawa wa mutumin da ba ya ganinsa.

Mukhtari ya matso.

"Hajiya, ni ban yi boko ba. Amma sana'armu abu guda ta koya muna: ba mu goge saƙo. Mutum shi ce ma kaza da safe, da marece shi ce bai ce ba."

Ya lalubo wayarsa, ya rage sauti, ya kara mata a kunne. Muryar yayanta ce, a natse, har ana jin ƙarar cokali a kofin shayi.

"Mukhtari, kana ji na? Wurin nan a share shi tas. Ka nemo masu gatari. Har magaryar nan ta tsakiya, a nan allo zai zauna. Lauwali kuma zan kira shi Sakkwato karɓar iri, ka gama kafin ya dawo..."

"Sadiya," muryar Inna ta taso daga rumfa. "Na huta. Ku zo ku kai ni."

Sadiya ta janye kunnenta. Saƙon bai ƙare ba, akwai saura.

"Turo min."

"Hajiya, ni ba ni son rigima."

"Lambata tana wurinka, ta nan nit turo ma sunayen. Turo min."

Ya tura. Ɗan canji ba ya son rigima, amma ya fi ƙin a kira shi jahili a gaban mace.

Baba Lauwali ne ya riƙo sandar Inna ta gaba, ita tana riƙe da ta baya, suna tahowa a hankali bisa bulo. Attahiru ya katse wayarsa ya tare su da fara'a.

"Inna, rana ta yi zafi. Mu wuce Ƙonni, in muka dawo da yamma sai a..."

"Kai, matsa."

Ya matsa.

Tana tafe tana magana, kamar mai gaida maƙwabta. "Nan kalgo yake, hannun dama. Nan ya kamata in ji ɗinya bisa kaina. Lauwali, wa yas shimfiɗa duwatsu?"

"Gyara na, Inna."

"Gyara."

Suka iso daɓen. Attahiru ya yi wuf ya kama hannunta, abin da bai yi ba tun yana firamare, ya ɗora shi a jikin dabinon.

"Ga ta nan, Inna. An ɗan yi mata aski ne."

Ku da kuke karantawa, na san za ku ce babu ɗan da zai yi haka. Ina taya ku murna da irin dangin da Allah ya ba ku.

Inna ta shafa. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ta kama wayar fitilun ta bi ta da yatsa. Ta sa farce ta ƙwanƙwasa.

"Wagga buta ta?"

Ta sake bin gangar da tafin hannu.

"Magaryata tana da tabo nan, daidai ƙirjina, inda Malam yaɗ ɗaure akuya igiya tac ci. Tana da ƙaya. Shekara hamsin da bakwai ban taɓa ta ba ta soke ni ba." Ta sauke hannunta ta goge a zane. "Ido nir rasa. Ba a ce maku hannu ma ya tafi ba."

"Inna, bari in yi miki bayani, akwai rashin fahimta da aka..."

"Ban tambaye ka ba. Sadiya."

"Na'am, Inna."

"An sare ta?"

Wayar tana hannun Sadiya. Ta ji ta yi mata nauyi kamar dutsen niƙa.

"An sare ta, Inna."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta nemi gefen daɓen da ƙafa, ta zauna a kan simintin da ke ƙuna, ta tafa shi da tafin hannu sau biyu, kamar mai lallashin jariri.

"Nan ƙasa take?"

"Kututturen yana ƙasa."

"Wa?"

Attahiru ya buɗe baki. Hausarsa ta rediyo ta gudu ta bar shi.

"Inna, wallahi ni cewa niy yi a share, su ko..."

"Ni na, Inna."

Baba Lauwali ne. Ya durƙusa a kan tsakuwa, ya ajiye sandar a gabansa.

"Alhaji ya aiko a share wuri baƙi za su zo. Ni ko kunnena ya tsufa, kaina ya tsufa. Na ji shara, na ga bazara, nid ɗauka ta gona ta. Ni nik kira masu gatari. Shi bai sani ba sai da yaz zo."

"Baba Lauwali," Sadiya ta ce, "kana Sakkwa..."

"Ina nan," ya katse ta, bai ɗaga murya ba. "Ina nan tsaye aka yi. Ke ba ki nan."

Ya ɗago ido ya dube ta. Ya girgiza kai sau ɗaya, kaɗan.

Attahiru ya dubi Lauwali, ya dubi uwarsa, ya dubi allon marmara. An buɗe masa ƙofa. Mutum ne da bai taɓa wulaƙanta buɗaɗɗiyar ƙofa ba.

"Ni dama ban so in faɗa ba," ya ce a hankali. "Saboda girmansa."

Mukhtari ya tuna yana da aiki a bakin tasha. Aka ji tashin babur.

Inna ta juya fuskarta inda muryar Lauwali take.

"Kai ka ba ta ruwa shekarar da tafki yaƙ ƙafe. Da tulu, daga rijiyar gari."

"Ni na."

"Kai kat tsinko ganyen da aka wanke Malam."

"Ni na."

"Kuma kai Malam yac ce, tun yana da rai, ka tsinko nawa."

"Haka yac ce."

"To ka ji shara, sai ka manta dukkan wanga."

"Na manta, Inna. Ki gafarce ni."

Inna ta sunkuyar da kai. Carbin yana hannunta, ba ya motsi.

"Gafara ta Allah ta. Na yafe ma, don Malam. Amma na sauke ma amanar. Ran da nawa yaz zo, kada ka zo. Kuma ba ni son in sake jin muryarka cikin gonar mijina."

"To, Inna."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, ɗaure da tsohon zare. Ya miƙa da hannu biyu. Attahiru ya karɓa da hannu ɗaya.

"Za mu duba yadda za a yi da kai," in ji shi. "Ba za a bar ka haka ba."

Duk wanda ya taɓa zuwa ofishinsa ya san ma'anar wannan.

Attahiru ya kama sandar ya ja Inna zuwa mota, yana gaya mata zai sa a kawo magarya daga Saudiyya, irin ta asali. Sadiya ta bi Baba Lauwali rumfa. 

"Mi ya sa? Kana Sakkwato. Ya kira ka ya aje ka bakin ofis kana jiran irin da babu shi. Ina da muryarshi nan cikin waya."

"Na sani."

"To mi ya sa?"

Ya ɗaga tabarmarsa, ya jawo wata 'yar jakar farin yadi daga ƙarƙashi.

"In ni na, fushi ta yi, fushi kuma yana hucewa. In ɗanta na, baki za ta yi mai. Bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa, Sadiya. Ita ma ba ta ƙara barci. Malam ya bar min gida in riƙe, ba itace kaɗai ba."

"Kai fa? Ina za ka?"

"Akwai ɗiyar ƙanena can garin Tozai. Ba a rasa zaure." Ya miƙa mata jakar. "Da nid dawo na iske magaryar kwance, ba su kai ga sa mata wuta ba. Na tsinke abin da nis samu, na shanya a inuwa. Zai isa wanka guda. Kada ki ce daga hannuna yaf fito, ba ta karɓa."

Ta buɗe bakin jakar. Ƙananan ganye ne busassu, har da ƙaya a jikin wasu.

"Baba Lauwali, wallahi sai na..."

"Kada ki rantse. Je ki, suna jiranki. Ki goge abin nan."

Ta shiga mota ta rufe ƙofa da ƙarfin da ya sa Attahiru ya dube ta ta madubi.

"A hankali, sabuwa ce."

Ya tada mota. Sanyi ya fara busowa. Ta gilashin baya Sadiya tana hango Baba Lauwali, yana naɗe tabarma, yana ɗaure buta da allo a jikinta, ya fito ya jawo koriyar ƙofar ya rufe ta da kyau, kamar har yanzu akwai abin da awaki za su ci a ciki.

Inna ta ɗaga hanci.

"Mi ke cikin jakar ga?"

"Ba komai, Inna."

"Ƙarya ba ta yi maki kyau. Ba ni."

Ta karɓa, ta zura hannu. Ƙaya ta soke ta. Ta fito da yatsan ta sa a baki, ta rungume jakar a ƙirji, ba ta tambayi daga ina ba.

"Ka ga irin abin da nake faɗa," Attahiru ya ce wa sitiyari. "Mutanen nan ka riƙe su shekara arba'in, rana ɗaya su rusa ka. Amma ni na yafe masa. Ni ba na riƙo."

"Sadiya," in ji Inna, "maida muna karatun nan. Zuciyata ba daidai take ba."

Sadiya ta buɗe wayar. Karatun yana nan inda ya tsaya. A samansa kuma akwai saƙon Mukhtari, bai ko huce ba. Daga baya ta ce mota ce ta faɗa rami yatsanta ya zame. Na bi hanyar nan ta Kalmalo, akwai ramuka, ba zan ƙaryata ta ba.

Motar, wadda ke kamo waya da kanta ba igiya ba komai, ta yi aikinta.

"Mukhtari, kana ji na? Wurin nan a share shi tas. Ka nemo masu gatari."

Attahiru ya kai hannu yana danne-danne. Sabuwar mota ce, bai gama sanin maɓallanta ba. Sautin ya ƙaru.

"Har magaryar nan ta tsakiya, a nan allo zai zauna. Lauwali kuma zan kira shi Sakkwato karɓar iri, ka gama kafin ya dawo."

Aka ji ƙarar cokali a kofi. Aka ji kurɓar shayi. Sannan sauran da Sadiya ma ba ta ji ba ya fito, da 'yar dariya a ƙarshensa.

"Batun tsohuwa kuma kada ya dame ka. Ba gani take yi ba."

Saƙon ya ƙare. Babu abin da ake ji sai iskar sanyi.

Inna ta gyara riƙon jakar. Ta juya fuskarta gaba, daidai ƙeyar ɗanta, kamar mai ido biyu lafiyayyu.

"Attahiru," ta ce. "Tsaida mota."